'Ya'yan da sojojin Amurka suka bari a Asiya: wa ke da alhakinsu?

Maman Iman, Houston:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Wani abu ya tsaya min a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan ko na samu sauƙi.

A gidan kula da tsofaffin da nake aiki akwai wata mata da muke aikin dare tare. Ta girme ni, Anti nake ce mata. Wankan tarwaɗa ce, gashinta irin namu mai tauri. Wata uku ina ɗaukarta baƙar Amurka ce. Ran nan wajen ƙarfe uku na dare na shiga ɗakin hutu na same ta tana waya da wani yare mai hawa da sauka, gabanta kwanon shinkafa da romon kifi, tana ci da tsinke biyu. Da ta ajiye wayar na kasa haƙuri, na ce Anti wane yare ne wannan? Ta ce yaren uwata ne. Ashe a Biyetnam aka haife ta, kusa da Da Nang, a 1970. Babanta baƙar fata ne, sojan Amurka, aka mayar da shi gida tana ciki wata shida.

Ta ce da Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu, ta faɗa hannun 'yan kwaminis ranar 30 ga Afrilu 1975, uwarta ta kwaso hotunan mutumin da wasiƙunsa, har da takardar da ya rubuta adireshin gidansu, ta zuba a murhu. Jita-jita ce ta cika gari cewa za a kashe duk wadda ta haihu da Ba'amurke. Kisan bai faru ba, amma an kwashe su zuwa wani daji da gwamnati ta kira sabon yankin tattalin arziki, inda ba komai sai sauro da rogo. Uwar ta riƙa aske mata kai ƙwal don kada gashin ya tona asiri. To fata fa, ina za a kai ta? A aji biyu ta bar makaranta saboda waƙar gorin da yara ke raka ta da ita har ƙofar gida. Ko yarenta ba ta iya karantawa sosai ba, balle Turanci.

Irinsu ake kira Amereshiyan, wato haɗin Amurka da Asiya. A Biyetnam ana ce musu con lai, ruwa biyu ke nan, masu baƙin baki kuma su ce bui doi, ƙurar duniya.

Ta shigo Amurka a 1991. Abin da ya hana ni barci shi ne sai da ta haura shekara 50 ta zama 'yar ƙasa. Kusan shekara 30 tana zaune da girin kad, wato takardar izinin zama, kamar ni baƙuwar da ba ta haɗa komai da ƙasar ba, alhali ƙasar ubanta ce. Don Allah masana ku faɗa min, yaya aka yi haka?

Malam Habu, Zariya:
Wa alaikumus salam Maman Iman. Allah ya saka wa wannan baiwar Allah. Bari in ɗan warware yadda abin ya taho.

A 1969 sojojin Amurka da ke Biyetnam sun haura 500,000, yawancinsu samari. Suna gama wa'adinsu na kamar shekara guda a ɗauke su. Wanda ya so aure sai ya nemi izinin kwamanda, takardun kuma sukan ja har wa'adinsa ya cika. Da yaƙi ya zo ƙarshe aka yi gaggawar kwashe jarirai a jirage a watan Afrilun 1975, kusan 3,000, jirgin farko ma ya faɗi ranar 4 ga wata ya kashe mutum 138. Sauran dubbai aka bar su.

Sai 1982 majalisar Amurka ta yi dokar farko, ta ce 'ya'yan Amurkawa da aka haifa a Koriya, Biyetnam, Laos, Kambodiya da Tailan suna iya zuwa. Amma da sharaɗi mai ɗaci: yaro ya zo shi kaɗai, uwa ta zauna. Ga shi kuma lokacin ba hulɗar jakadanci tsakanin Amurka da Biyetnam, don haka dokar ba ta tsinana musu abin kirki ba.

Abin da ya juya lamarin hoto ne. A 1985 wata mai ɗaukar hoto ta jaridar Newsday ta ɗauki wani yaro mai shan inna yana rarrafe a titin birnin Ho Chi Minh yana bara, fuskarsa ta Bature sak. 'Yan wata sakandare a Huntington, jihar New York, suka gani suka tara sa hannun mutum 27,000 suka kai wa ɗan majalisarsu Robert Mrazek. Shi da kansa ya je ya taho da yaron a 1987, kuma a ƙarshen shekarar aka yi doka ta biyu: duk wanda Ba'amurke ya haifa a Biyetnam daga farkon 1962 zuwa farkon 1976 ya zo, da uwarsa da 'yan uwansa. Da wannan dokar Antinki ta shigo. Sama da 20,000 ne suka shigo ta wannan ƙofa, da dangi kusan ninki uku na hakan.

Abba Kwari:
Malam na gode da bayani. Amma ni fa a gaskiya ban ga laifin Amurka a nan ba. Wace ƙasa ce za ta aika jirgi ta kwaso 'ya'yan da sojojinta suka haifa a waje, har da iyayensu mata da ƙannensu waɗanda ba su da ɗigon jinin Amurka? An kawo ki, an ba ki takardar zama, an ba ki damar aiki. Jarrabawar zama ɗan ƙasa kowa yana yin ta. Kuma mu faɗi gaskiya, matan nan sun san abin da suke yi. Wadda ta je bakin bariki ta san soja ba mazauni ba ne.

Hajiya Binta, Kaduna:
Haba Abba. Wa ya gaya maka duk a bakin bariki aka same su? Akwai masu wanki, masu shara, masu girki, akawu, tafinta, masu sayar da kaya a kantin sansani. Wasu shekara biyu suna zaune da mutum ɗaya a ɗaki ɗaya, iyaye sun sani, an yi shagali irin na al'adarsu. Waɗanda ma suka shiga mashaya, ka tambayi abin da ya kai su. Bam ya tashi ƙauyenku, gona ta ƙone, kin taho birni da uwa da ƙanne shida, kuɗi kuma hannun soja kaɗai yake. Mu da muka ga abin da ya faru da mata a sansanonin gudun hijira na ƙasar nan bai kamata a ji wannan magana a bakinmu ba.

Kuma ko na bar maka duk abin da ka faɗa, ɗan fa? Shi ma ya san abin da yake yi?

Maman Iman, Houston:
Yaya Abba, bari in ba ka yadda jirgin nan ya kasance daga bakinta. Tunda uwa ta ƙone takardu, ba ta da wata shaida sai fuskarta. Ta ce an shigar da ita wani ɗaki, wani jami'i Bature ya ƙare mata kallo, ya dubi gashi, ya dubi hanci, ya dubi hannuwa, bai fi minti goma ba ya buga hatimi. Fuskar da aka yi shekara 20 ana tofa wa yawu ita ta zama fasfo. Wasu da kamanninsu suka fi karkata ga uwa an mayar da su, har yau suna can.

Da labari ya bazu cewa ɗan ruwa biyu tikitin Amurka ne, sai masu kuɗi suka fara farautarsu. Yaron da ke kwana a kasuwa sai ga mai mota ya zo ya ce ni kawunka ne. Har ana ce musu 'ya'yan zinariya, don da zinariya ake sayensu. Uwar Anti ta rasu a 1988, sai wani iyali suka biya mijin innarta suka shigar da kansu a takarda a matsayin waɗanda suka riƙe ta. Wata shida suka yi a sansanin Bataan a Filifin ana koya musu Turanci, suna kiranta 'yarmu a gaban jami'ai. Suna sauka Amurka, wata na uku ta dawo daga aiki ta tarar da jakarta a bakin ƙofa.

Wannan shi ne an kawo ki da kake faɗa.

Barista Hadiza:
Abba, matsalar ba ta jirgi ba ce, ta suna ce. Dokar 1987 ta shigo da su a matsayin baƙi masu izinin zama, aka ba su tallafi irin na 'yan gudun hijira. Ba ta ce su 'yan ƙasa ne ba. Ka ga gwamnati ta yarda uban Ba'amurke ne, don da wannan hujjar ta buga hatimi, amma ta ƙi bin maganar zuwa ƙarshenta.

A dokar Amurka, idan mace Ba'amurkiya ta haihu a waje ba aure, ɗan ya bi ta cikin sauƙi. Idan namiji ne, sai ya amsa ɗan a hukumance kafin ya cika 18. An kai wannan har kotun ƙoli. Wani da aka haifa a Saigon a 1969, ubansa ya riƙe shi a Texas tun yana ɗan shekara shida, ya girma ya aikata babban laifi aka ce za a kore shi. Uban ya kawo gwajin DNA, amma lokacin ɗan ya kai 28. A 2001 alƙalai biyar suka rinjayi huɗu cewa an makara. To idan wanda ubansa ya goya haka ta kasance da shi, ina ga wanda uban bai san an haife shi ba, ko ya sani ya toshe kunne? Dokar ta bar mabuɗin a aljihun wanda ya gudu.

'Yar majalisa Zoe Lofgren ta California ta sha kai ƙudurin a ba su ɗan ƙasa kai tsaye, bai taɓa wucewa ba. Dalilin da Antinki ta jira, Maman Iman, akwai sassauci ga wanda ya kai 50 kuma ya yi shekara 20 da girin kad: a ɗauke masa jarrabawar Turanci, ya amsa tambayoyin da yarensa ta bakin tafinta. Wadda aka kora daga aji biyu saboda fatar ubanta, ita aka ce sai ta rubuta yaren uban kafin a karɓe ta.

Abba Kwari:
Barista wannan ban san shi ba. Na ɗauka suna sauka ake ba su fasfo. Na janye rabin maganata. Amma har yanzu ina ganin an yi musu abin da ba a yi wa wasu ba.

Sadiq, Angeles:
Yaya Abba a nan kam ka yi gaskiya, don waɗanda nake zaune cikinsu ko jirgin ba su samu ba. Ina karatun aikin jinya a Angeles ta ƙasar Filifin, garin da sansanin sojan saman Amurka na Clark yake a da. Ku duba jerin ƙasashen da Malam Habu ya kawo, babu Filifin, babu Japan. Hujjar da aka bayar wai nan ba fagen yaƙi ba ne. Alhali Filifin ƙasa ce da Amurka ta mulka daga 1898 zuwa 1946, kuma Clark da sansanin sojan ruwa na Subic su ne manyan sansanoninta a wajen gida, nan sojojin da ke yaƙin Biyetnam ke zuwa hutu.

A watan Yunin 1991 dutsen Pinatubo ya yi aman wuta ya binne Clark da toka. A watan Satumba majalisar dattawan Filifin ta ƙi sabunta yarjejeniyar sansanonin, ƙuri'a 12 da 11. A Nuwamban 1992 jirgin ruwa na ƙarshe ya bar Subic. Kiyasin da aka fi ambata shi ne an bar 'ya'ya wajen 50,000. Akwai kalmar da ake jifansu da ita, iniwan ng barko, wato wanda jirgin ruwa ya tafi ya bari. A 1993 an shigar da ƙara a Amurka a madadin yaran Olongapo, garin da ke gefen Subic, ana neman kuɗin karatu da magani, kotu ta kore ta.

Mai gyara min babur irinsu ne. Ranar farko da ya gan ni ya kama hannuna ya jera da nasa, ya ce kalarmu ɗaya. Ya tambaye ni ko a ƙasarmu ana tsokanar mutum don baƙi ne. Yana da hoto ɗaya a cikin leda a aljihun bayansa, wani saurayi da farar hular sojan ruwa, an rubuta suna ɗaya a baya, ba sunan mahaifi. Duk baƙon da ya fito daga Amurka sai ya nuna masa. Farare a cikinsu wasu sukan samu shiga fim ko talla, don a nan ana son hasken fata. Baƙaƙen su ne a ƙasan tukunya. Ga shi tun 2014 an sake buɗe wa sojojin Amurka ƙofa, a 2023 wuraren suka kai tara, kuma tsofaffin 'ya'yan suna nan ba a ce musu komai ba.

Masu taimaka musu a nan ƙungiyoyi ne, irin gidauniyar Pearl Buck da cibiyar PREDA da wani fada ɗan Ailan, Shay Cullen, ya kafa a Olongapo a 1974.

Malam Habu, Zariya:
Madalla Sadiq. Pearl Buck ɗin nan ita ta yaɗa kalmar Amereshiyan. Marubuciya ce Ba'amurkiya da ta tashi a Sin. Da ta ga gidajen marayun Amurka suna ƙin karɓar yara ruwa biyu, ta buɗe nata a 1949, sannan gidauniyar a 1964. A Japan ma mace ce ta tsaya, Miki Sawada, jikar wanda ya kafa kamfanin Mitsubishi. Ta buɗe gidan marayu a Oiso a 1948, yara kusan 2,000 suka bi ta hannunta. A tsibirin Okinawa na Japan kuwa iyaye mata biyar ne suka haɗa kai a 1998 suka buɗe wa 'ya'yansu makaranta mai koyarwa da yare biyu a Ginowan, saboda gorin da ake yi musu a makarantun gwamnati. Ku lura da wannan, duk inda ka tono za ka tarar mata ne a gindin abin.

Kafin 1985 a Japan ɗan da aka haifa da aure ba ya samun ƙasa sai ta wajen uba. Yaron da uwarsa ta auri soja ya gudu yakan tashi ba Japan ba Amurka. Daga cikin 'ya'yan sojan nan ne Denny Tamaki ya fito, wanda aka haifa a 1959, bai taɓa ganin ubansa ba, mutanen Okinawa suka zaɓe shi gwamna a 2018 suka sake zaɓensa a 2022.

Alhaji Ɗanlami:
Ni Koriya na sani, na yi shekaru ina zuwa sayen kayan mota. Akwai wani gari arewa da Seoul, Dongducheon, gefen sansanin Amurka, yanzu 'yan Afirka da yawa suna haya a unguwar don ta fi araha. Tsofaffin matan da za ka gani su kaɗai a ɗakuna ƙanana, da yawa matan mashayun sojan ne na da. Ka tambayi 'ya'yansu a ce suna Amurka, ba su san ko wace jiha ba. Bayan yaƙin 1950 zuwa 1953 gwamnatin Koriya ta ga hanyar da ta fi mata ita ce a fitar da yaran waje. Wani Ba'amurke, Harry Holt, ya ɗauki takwas a 1955, daga nan ƙofa ta buɗe har yaran Koriya da aka bayar riƙo a ƙasashen waje suka kai wajen 200,000. A wancan lokacin rajistar iyali ta uba ce, wanda ba shi da uba Bakoriye kamar babu shi.

Sai a 2006 da Hines Ward, ɗan Bakoriya da sojan Amurka baƙar fata, ya zama gwarzon wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, ya zo Seoul shugaban ƙasa ya karɓe shi, sannan aka fara jin kunya a fili. A 2022 kotun ƙolin Koriya ta ce gwamnati na da hannu a yadda aka tafiyar da unguwannin nan, ta umarce ta ta biya matan diyya. Da yawansu sun riga sun mutu.

Abu Ammar:
Tambaya ga malamai. A Musulunci ai ɗan da aka haifa ba aure ba a jingina shi ga uba. To me ya sa muke zargin dokar Amurka da abin da yake kusa da namu hukuncin?

Ustaz Nura:
Tambaya mai kyau, Abu Ammar. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa ana jingina shi ga uwa, ba gado tsakaninsa da wanda ya yi cikin. Wasu kuma, irin su Ishaƙ bin Rahawaihi da Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim, suna ganin idan matar ba ta da miji kuma mutumin ya amsa ɗan nasa ne, ana iya jingina masa. Amma a kula da abu biyu. Mutanen nan galibi mabiya Buddha ne da Kiristoci, wasunsu kuma sun yi aure irin na al'adarsu, ba mu ne za mu yanke musu hukuncin nasaba ba. Sannan hukuncin gado daban, wulaƙanta ɗan Adam daban. Babu malamin da ya halatta a kori yaro daga makaranta da waƙa, ko a ƙi cin abinci da shi. Ba a ɗora wa rai laifin wani rai. Kalmar shege da muke jifan yara da ita a unguwanninmu, har a hana su aure bayan sun girma sun yi hankali, al'ada ce muka lulluɓa mata rigar addini.

Mahamadu, Damagaram:
Gaisuwa ga kowa. Abin nan bai tsaya ga Amerika ba. Kafin su, Faransa ta yi yaƙi a Biyetnam ɗin daga 1946 zuwa 1954, kuma da sojojin Afirka ta yi shi, har da mutanenmu na Nijar. Ƙanen kakana ya je, Andoshin suke ce wa wurin. Wasu 'yan Senegal sun komo da matansu da ɗiyansu, shi ya sa har yau akwai zuri'arsu a Dakar. Namu tsohon shi kaɗai ya komo. In ya yi zazzaɓi yana kiran wani suna da ba mu sani ba, tsofaffin gida su ce aljanun yaƙi ne. Sai da na girma na fara tunanin ko sunan ɗiya ne.

Ɗan Bariki:
Tun ɗazu nake karantawa ina share rubutu ina sakewa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sojojinmu sun shiga Laberiya da ECOMOG, rundunar ƙasashen Yammacin Afirka, a 1990, daga baya Saliyo. Ku tambayi duk ɗan Monrobiya me ake nufi da 'ya'yan ECOMOG. Suna nan da yawa, sun haura shekara 25, wasu da sunayenmu na Hausa.

Mahaifina ya yi wata 18 a can. Da ya rasu muka buɗe akwatin ƙarfensa, ƙarƙashin kakin akwai hoton wata mata tsaye a gaban gidan kwano, riƙe da jariri an sa masa hula irin tamu. A bayan hoton an rubuta suna da biro, sunan kakanmu ne, wanda Baba ya ce duk ɗansa namiji na gaba shi zai ci. Yayarmu ta karɓe hoton ta ce kada Mama ta gani, kada a sake maganar. Shekara bakwai ke nan. In yaron yana raye, can yana nuna wa baƙi hoton wani soja kamar yadda Sadiq ya ce mai gyaran babur ɗinsa yake yi. Mu ne iyalin da ke ɗaya gefen, waɗanda suka yi shiru.

Hajiya Binta, Kaduna:
Allah sarki. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa. Ɗana, ba ka yi laifi ba da ka faɗa.

Barista Hadiza:
Ɗan Bariki, ta fuskar doka hanya a buɗe take. Tsarin mulkinmu na 1999 ya ba wanda aka haifa a waje ɗan ƙasa in ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne, sashe na 42 kuma ya hana a tauye wa mutum haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa. Abin da ke wahala shi ne shaida, da kuma zuciyar mutanen gida.

Abba Kwari:
Amma fa a yi hattara. Mama tana raye. Kada garin neman wanda ba a sani ba a rusa wanda ake da shi. Ga maganar gado, an riga an raba.

Maman Iman, Houston:
Yaya Abba, daren jiya na karanta wa Anti maganganunku ina fassara mata. Da na zo kan ta gado ta girgiza kai. Ta ce duk wanda suka tuntuɓa abin da yake fara zato ke nan, kuɗi. Ta ce ita da take wanke tsofaffi da dare tana da gidanta da motarta, me za ta yi da gadon wani? So take ta ga wa ta ɗauko.

Yadda ta samu nata kuwa, ba gwamnati ba ce. Kiyasin da ake yawan faɗa shi ne waɗanda suka gano ubanninsu a shekarun farko ba su wuce 3 cikin 100 ba. Gwajin DNA mai araha ne ya canza lissafi, kuma su da kansu suka riƙe abin. Akwai ƙungiyar Amerasians Without Borders da wani ɗan'uwansu Jimmy Miller ya kafa, suna tara kuɗi su aika kayan gwaji ga 'yan ɗaruruwan da suka rage a Biyetnam. Akwai Father Founded ta wani ɗan Denmak, Brian Hjort, da ya daɗe yana bin sawun tsofaffin sojoji. 'Yan Koriya suna da 325Kamra. Sauran aikin a Facebook ake yinsa da kuma shagunan gyaran farce inda da yawansu ke aiki. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, wanda ya gano nasa ya zauna ya haɗa wa na baya bishiyar dangi. Duk wata suna haɗuwa a gidan ɗaya daga cikinsu, kowa da kwanonsa, kamar adashinmu. In wani ya mutu ba dangi, su ke yi masa sutura. Ta ce a cikinsu ne kawai ba wanda ke tambayarta ke 'yar ina ce, don 'yan Biyetnam na nan har yau wasu suna amsa mata da Turanci in ta yi musu yarensu, baƙaƙen Amurka kuma suna jin harshenta su san ba tasu ba ce.

Ta tofa yawu a 'yar kwalba ta aika. Bayan mako shida sunan wata mata a jihar Jojiya ya fito, uba ɗaya. Sai da ta yi wata biyu kafin ta iya sa a rubuta mata saƙo. Matar ta yi shiru kwana tara, sannan ta turo hoto ba ko kalma. Anti ta nuna min a wayarta: dattijo a kujerar coci, da wushirya, da ɗan kunnen nan mai lanƙwasa irin nata. Ya rasu shekara biyu kafin gwajin. Ƙanwar ta ce yana yawan cewa ya bar wani abu a Da Nang, suna ɗauka abokan da aka kashe yake nufi. Yanzu suna waya duk Lahadi. Ɗaya ƙanen namiji har yau ya ƙi yi mata magana.

Ɗan Bariki, ta ce in gaya maka kada ka fara da Mama, kada kuma ka fara da Yaya. Ka yi gwajin kai kaɗai ka bar sunanka a buɗe. In yana nema, ta nan zai biyo.

Ɗan Bariki:
Anti Maman Iman, ki ce mata na gode, Allah ya saka. Kwalbar nan ana aiko ta Najeriya, ko sai an samu mai zuwa?

Maman Iman, Houston:
Ƙanwar maigidana za ta taho Kano bayan sallah, zan ba ta ta riƙo maka, in ka tofa ta dawo min da ita in saka a gidan waya daga nan. Ka turo min lambarka ta akwatin sirri. Kuma ka nemi Yaya ta ba ka hoton ko na minti ɗaya ne, ka ɗauki gaba da baya da wayarka, don rubutun bayan shi za a fara tambayarka.